Shekaru Takwas da Rumbuna Uku

Bana ruwa ya yi jinkiri. Watan shuka ya shiga har ya kusa fita, hadari kuwa sai ya taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi, ya aiko da iska, ya watse. Ranar Litinin da ta wuce na je biro, wato ofishin fansho, a Maraɗi don in nuna musu ina raye, kamar yadda ake sa duk mai karɓar fansho ya yi sau ɗaya a shekara. Muna zaune bisa benci, tsofaffi zalla, kowa da takardunsa cikin leda, zufa na bin bayan wuya. Na kusa da ni ya ce wannan zafin irin na shekarar fari ne. Zafin bana bai kai wancan ba. Amma maganar ta mai da ni Madarunfa, gidanmu, bazarar da mahaifina ya nemi kuɗin tsufa.

Sunan mahaifina Sanda. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Baba Garba, tsaransa. Damina ɗaya aka haife su, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi aikin hanyar da ta bi ta Ɗan Isa zuwa iyaka, kowane rani idan an gama kai amfanin gona gida. A shekarun da gyaɗa ke da daraja, wato bayan samun ƴancin kai kaɗan, Baba ne a gaba. Rumbunansa uku, yana da garka a bakin tafki inda yake noman albasa da tumatir da barkono, garkar da ya gada daga kakana. Baba Garba rumbunsa ɗaya, ya karkace, ko jinkan kirki babu, duk wanda ya wuce yana iya leƙa cikinsa. Bai taɓa damuwa ba. Mutum ne mai dariya, kuma dariyar tana nuna giɓi, domin jaki ya taɓa harbinsa a baki tun yana saurayi, ya zubar masa da haƙora huɗu na gaba.

A waɗancan shekarun aka zo yi wa leburorin hanya katin shaida. Ba wanda ke da takardar haihuwa. Magatakarda yakan ɗaga kai ya dubi mutum, ya rubuta an haife shi wajen shekara kaza. Raɗe-raɗi ya bazu cewa duk wanda aka ga ya manyanta za a sallame shi daga aiki. Baba ya tafi wurin wanzami da asuba, aka aske masa kai da gemu ƙwal, furfura ko ɗaya ba ta rage ba. Ya tsaya gaban magatakarda ƙirji a buɗe, ya faɗi shekarunsa da kansa, ya zaftare takwas. Baba Garba kuwa ya je yadda ya tashi, ya yi wa magatakarda murmushi da giɓinsa, aka rubuta masa abin da fuskarsa ta nuna, wanda kuma ya yi daidai da gaskiya ko ya ɗan haura.

Daga ranar Baba bai ƙara kiransa da sunansa ba.

“Tsoho, an tashi lahiya? Gwiwa ta bar ka ka yi barci?”

“Lahiya lau, yaro. Je ka ɗebo mini ruwan alwala, ka samu lada.”

Shekara goma ana wannan wasa ta kan danga. Ba a sallami kowa daga aikin hanyar ba, har aikin ya ƙare da kansa.

Su ba cikakkun ma'aikata ba ne, leburorin rani ne, don haka kuɗin tsufan da aka ware wa irinsu yana da sharaɗi biyu. Shekarun mutum su kai sittin, kuma a tabbatar ba shi da abin da zai riƙe shi. Baba Garba ya cika na farko da katinsa, na biyu da rumbunsa. Mai bincike ya zo, ya leƙa, ya rubuta, ya tafi. Aka fara biyansa duk bayan wata uku. Wannan ya faru ne daidai lokacin da ruwan sama ya fara janyewa daga ƙasarmu.

Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Ta ukun ta fi muni. Muka yi shuka sau uku, sau uku rana ta cinye. Ni lokacin ina da shekara ashirin da biyu, na gama lakwal, wato makarantar boko, ban samu aiki ba, na dawo gida ina noma tare da Baba. Yayyena sun ƙetara Katsina neman abin da za su aiko, ba su aiko da abin kirki ba, domin can ma haka ne. Muka rage mu biyar: Baba, Inna, ni, da ƙannena mata biyu.

Tafki ya ja baya har ya zama kamar tabarma a tsakiyar fili. Ƙasar da ya bari ta dare, tsaga-tsaga, ƙafar yaro tana iya faɗawa ciki. Rijiyar garkarmu muka yi ta yasa, gaba biyu, gaba uku, sai laka mai wari. Makiyaya suka gangaro daga arewa da shanun da ƙashin kwatangwalonsu ya fito kamar turaku, suna faɗuwa a bakin tafki, ungulu na jira a bisa gawo. Da hantsi iska takan zo kamar daga bakin tanderu. Mutum ya sha ruwa, kafin ya ajiye moɗa ƙishi ya dawo.

Tsarin gida ya canza a hankali. Da farko aka daina tuwon rana. Sannan furar safe ta koma ruwa-ruwa, gero tiya ɗaya ya yi mana kwana uku. Sannan gero ya ƙare, aka koma dusa da ganyen tafasa da yaɗiya, Inna tana barbaɗa ɗan ƙuli idan an samu. Ƙannena sukan fita tun sanyin safiya tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. Har yau idan na tuna anza harshena yakan ƙanƙance.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun gari. Garin da kullum da la'asar taɓare ke amsa wa juna daga unguwa zuwa unguwa, ya yi tsit. Gida ɗaya ne a layinmu ake jin daka a cikinsa kullum, kuma danga ce kawai tsakaninmu. Na san ƙarar turmin gidan Baba Garba fiye da muryar liman. Na san lokacin da ake surfe, na san lokacin da ake ribɗi. Idan aka yi talge, ƙanshin yakan biyo ta ramukan kara ya same mu a zaune. Inna takan ɗauko dusarta ta zuba a turmi ta yi ta luguden da bai kamace ta ba, don a ji mu ma muna nan.

Sannan Baba Garba ya sayi rediyo. Ƙaramar akwati ce mai rigar fata, yana rataye ta a wuya kamar laya, ya zauna a ƙofar gida yana murɗawa. Ni da na yi lakwal, nake jin Faransanci, nake son sanin abin da duniya ke ciki, sai in jingina da danga daga cikin gidanmu ina satar labarai, don kada a gan ni a dandalinsa. Ina so a fahimce ni. Baba Garba bai taɓa yi mana komai ba. Matarsa ta sha miƙo ƙwaryar fura ta kan danga, Baba yana sa a mayar, a ce mun gode, yanzu muka sha. Duk da haka nakan kwanta ina lissafa wa kaina cewa mutumin nan bai fi mahaifina aiki ba, bai fi shi sammako ba, bai fi shi komai ba sai rashin haƙora.

Ni na ce wa Baba ya nemi nasa kuɗin tsufan. Ya yi kwana biyu yana juya maganar. Rana ta uku ya ce, “Rabe, idan kuɗin nan ba su hito kahin ruwa ya sauka ba, garka za ta tahi. Ba a noma da ciki wayam.” Ya faɗe ta a hankali, yana kallon ƙasa. Kowa a gidan ya san ma'anarta. Gonar tudu ta dogara da sama. Garka ce kaɗai abin da muke da shi wanda ba ya jiran hadari, in dai tafki ya dawo.

Muka taka zuwa Maraɗi, mun fita bayan sallar asuba, muka shiga gari rana ta take. A biro aka duba katin, aka ce saura shekara takwas. Na yi bayani da Faransancina na lakwal. Mutumin ya saurara, ya ce kati ba ya gyaruwa sai da hukuncin alƙali, alƙali kuma sai da shaidu biyu waɗanda suka san haihuwar mutum. Muka dawo da ƙafa. A hanya Baba ya ƙirga waɗanda aka yi musu kaciya tare, su tara ban da shi. Shida sun rasu, ɗaya ya ɓace a Kurmi. Saura wani makaho a Gabi, sai maƙwabcinmu.

Ni aka aika. Na same shi da rediyonsa, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya rage murya, ya dube ni.

“Yaron ne ya aiko ka? Mi ya same shi, ƙahwa ta yi ciwo? Taku nawa ne daga nan zuwa can?”

“Baba, ka san halinsa.”

“Na san shi tun yana tsirara. Ce masa zan je. Amma a kan amalanke, ni tsoho ne, takarda ta shaida.”

Ranar shari'a Baba Garba ya biya amalanken jaki da kansa, muka ɗauko makahon. Alƙali ya tambayi Baba Garba yadda ya san shekarun mai ƙara.

“Ranka ya daɗe, wanzami ɗaya, aska ɗaya, sahiya ɗaya. Zaure ɗaya muka yi jinya. Shi ya hi kowa kuka, har uwata ta ce a ba shi cinyar kazata ya yi shiru.”

Aka yi dariya, har magatakarda. Alƙali ya juya ga Baba ya ce, to kun yi daidai da shi kenan a shekaru?

“Na girme shi da kwana arba'in,” in ji Baba.

“Yau kuma?” Baba Garba ya ce. “Shekara goma ina ɗauke da tsuhwan nan ni kaɗai.”

Aka mayar wa Baba shekarunsa takwas. A hanyar dawowa Baba Garba ya kunna rediyo tun daga Maraɗi har gida. Sharaɗi ɗaya ya cika. Aka ce mu jira mai bincike, zai zo duba gida, ba a faɗi rana ba.

A ƙasarmu kowace bazara, kafin ruwa, magidanci yakan sabunta jinkan rumbunsa. Wanda bai yi ba, ya sanar da gari cewa babu abin da ruwa zai ɓata a ciki. Bazarar nan kusan ba wanda ya yi. Mutane ma zare shuci suke daga ɗakunansu suna ba awaki. Rumbunanmu uku kuwa tun kaka babu komai cikinsu sai irin shuka da Inna ta ɗaure a tsumma ta ɓoye cikin tulu. Wata safiya Baba ya ɗauki lauje ya miƙo mini ɗaya. Ban tambaye shi ba. Muka nausa dajin Gabi, kwana biyu muna tsintar ciyawa inda shanu ba su kai ba, muna cin ɗanyar kanya. Muka dawo da dami a kai, muka yanta, muka ɗaura wa rumbunan sabon jinka, ukun duka, muka shafe tsagoginsu da laka. Da muka gama na ja baya na dube su, suna walƙiya a rana, sun fi kan danga tsawo, daidai inda Baba Garba zai gan su daga tabarmarsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ranar ce kaɗai a bazarar na ji mun fi su.

Bayan kwana shida mai bincike ya iso a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur, saurayi ɗan birni, da riga fara da jaka. Baba ya ce baƙo baƙo ne. Zakara ɗaya ya rage mana, aka yanka. Inna ta kwance tsumman nan ta ɗebi irin shuka ta dama fura mai kauri, irin wadda ba mu gani ba tun bara. Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Ƙarar mobilet ta jawo Baba Garba, ya yi sallama ya shigo, ya samu gefen tabarma ya zauna.

Mushen, kamar yadda muke kiran ma'aikacin gwamnati, ya ci, ya sha, ya wanke hannu, ya buɗe littafinsa. Ya tambayi yawan mutanen gida. Ya tambayi gona. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rumbunan.

“Waɗannan duka naka ne, Baba?”

“Nawa ne.”

“Zan iya dubawa ciki?”

Baba ya dubi Baba Garba. Kallo ɗaya, gajere. Ya ce, “Mushe, a nan ba a leƙa rumbun magidanci. Ko matar gida ba ta leƙawa sai an sa ta.”

“To me ke ciki?”

“Abin da Allah ya hore.”

Ina tsaye a bayan mushen. Ina da Faransanci a bakina, harshen da Baba Garba ba ya ji, da Baba ba ya ji. Kalmomi uku sun isa in gaya wa mutumin nan cewa babu ko ƙwaya. Na sha juya wannan lokacin a raina shekaru da yawa, musamman bayan da aikina ya zama faɗa wa jama'a abin da ya faru ba tare da ƙari ko ragi ba. Ban yi magana ba. Ina kallon rediyon da ke rataye a wuyan maƙwabcinmu, ina tunanin gara komai da ya ga ƙasan rumbunmu.

Mushen ya rubuta, ya yi godiya ga abinci, ya hau mobilet. Amsa ta zo bayan mako uku. Na karanta wa Baba a tsaye: shekaru sun cika, amma mai nema yana da rumbuna uku a cike, da halin ciyar da baƙo, don haka ba ya cikin waɗanda ake taimaka wa. Yana iya sake nema bayan wata uku.

Ruwa ya sauka kwana tara bayan takardar. Ruwa ne na gaske, da rana tsaka, ƙasa ta yi ƙamshin da ke sa mutum ya ji yunwa sau biyu. Yara suka fita tsirara suna ihu. Sabon jinka bai bar ɗigo ɗaya ya shiga rumbu ba. Washegari kowa ya fita da sungumi, mu kuwa rabin irinmu yana cikin mai bincike, kuma ni kaina idan na sunkuya sai in ga duhu. Ƙaramar ƙanwata ta fara kumburin ƙafa.

Baba ya sa aka yi cigiyar mai sayen garka. A shekarar ba wanda ke da hatsin sayen fili sai ƴan kasuwar Maraɗi da mutum ɗaya a layinmu. Ɗan kasuwa ya taya buhu uku. Baba Garba ya shigo da hantsi, ba rediyo a wuyansa, ya ce buhu biyar, kuma gara ta tsaya a unguwa. Aka kira shaidu, aka tafa hannu. Bayan sun watse, su biyu suka rage a inuwar rumbun tsakiya, ina gefe ina ɗaure bakin buhu.

“Sanda,” ya ce. Rabon da in ji ya kira shi haka tun ina yaro. “Tun sanyi na san ba komi cikinsu.”

Baba bai ɗago ba. “Wa ya gaya maka?”

“Kajina. Kullum ta ramin dangar nan suke shigowa kiwo gindin rumbunka. Tun sanyi suka daina.”

“Ka sani, ka zo ka zauna mini a tabarma ranar?”

“Na zo in yi shaida ne, kamar gaban alƙali. Kai ka hana a tambaye ni.”

Baba ya daɗe yana kallon gindin rumbun. Ƙasar wurin a shafe take, ba tonon kaza ko ɗaya. Duk garin da ke da kaji ya san abin da muka sha wahalar kwana biyu a daji don mu ɓoye. Mutum ɗaya ne kaɗai jinkan ya ruɗa, shi ne ɗan birnin da ke riƙe da alƙalami.

Buhunan biyar suka kai mu kaka. Daminar ta yi kyau. Bayan wata ukun wani mai binciken ya zo, daidai kafin a yanke gero, Baba da kansa ya jingina tsani, ya ɗaga jinka, ya ce a hau a duba, kuma ya aika aka kira Baba Garba. Kuɗin suka fara fitowa bayan an kai amfani gida, lokacin da ba mu cikin matsi. Baba ya karɓa shekara goma sha ɗaya. Sau biyu ya nemi a sayar masa da garkar, sau biyu Baba Garba ya ce ƴaƴansa sun riga sun zuba ƙarfinsu a ciki, kuma gaskiya ya faɗa. Tafki ya dawo a damina ta biyu, ya cika har gindin giginyar da kakana ya dasa. Wasan yaro da tsoho bai sake dawowa ba. Suka koma Sanda da Garba, suna gaisawa kullum, har ɗaya ya bi gawar ɗaya.

Ranar Litinin ɗin, da na fito daga biro da hatimin da ke cewa ina raye, ban koma gida kai tsaye ba. Na shiga mota zuwa Madarunfa, na sauka, na taka zuwa bakin tafki. Giginyar tana nan. An kewaye garkar da waya, akwai injin ban ruwa yana tari a bakin rijiya, albasa a tsibe ƙarƙashin rumfa, manya-manya, ja. Wata jikanyar Baba Garba ce ke sayarwa, ba ta san ni ba. Na sayi tiya ɗaya. Ta ƙara mini guda uku a kai, ta ce gyara ce, don tsufa.

Na yi godiya. A gida na yanka ɗaya na duba, ko zan samu ruɓa a ciki. Lafiyarta lau.